Bajo a Ƙirji, Babu Ikon Kamu: Kakin Masu Binciken Fasinja a Filayen Jiragen Saman Amurka



An nemi in yi magana a kan tsaron filayen jiragen sama. Fagen yana da faɗi, lokacin da aka ba ni kuma kaɗan ne, saboda haka zan tsaya a kan abu guda: rigar da mai binciken fasinja yake sawa, da ɗan ƙarfen nan da ake maƙala masa a ƙirji, wato bajo. Amurka zan ɗauka, domin a can aka yi wannan gardama a fili, a jaridu da majalisa har gaban alƙalai, kuma ana iya bin sawunta shekara bayan shekara.

Duk wanda ya taɓa tashi daga New York ko Atlanta ko Washington ya san mutanen da nake nufi. Shuɗiyar riga, wando mai duhu, bajon ƙarfe yana walƙiya, su ne masu cewa ka ɗora jakarka a kan bel, ka zubar da ruwan gorarka, ka shiga na'ura ka ɗaga hannuwa sama. Baƙon da ya fito daga Kano ko Yamai ko Kumasi ba ya ko tantama, a wurinsa 'yan sanda ne. Amurkawa da yawa ma haka suka ɗauka. To ba 'yan sanda ba ne. Ma'aikatan hukumar tsaron sufuri ne da ake kira TSA. Ba su da ikon kama kowa, ba sa riƙe bindiga, ba sa riƙe ankwa. Iyakar abin da doka ta ba su shi ne su bincike ka da kayanka, su hana ka wucewa idan ka ƙi, sannan su kira ɗan sanda na gaskiya idan abin ya fi ƙarfinsu. A shekarar 2023 sun gano bindigogi 6,737 a jakunkunan fasinjoji, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari da harsashi a ciki. Ka'idarsu a kowane irin wannan lamari ita ce a tsayar da bel a kira 'yan sandan filin jirgin, su ne za su ciro bindigar, su ne kuma za su yanke ko a kama mai ita ko a sallame shi.

Yaya aka yi mutumin da ba shi da ikon kamu ya sami kayan mai kamu? Sai mun ɗan koma baya.

Binciken kowane fasinja da jakar hannunsa ya zama dole a Amurka ne tun Janairun 1973, bayan an yi fama da masu karkatar da jirage. Kusan shekara talatin bayan nan aikin yana hannun kamfanonin jirage, su kuma suna ba kamfanonin gadi kwangila, wanda ya faɗi kuɗi mafi ƙanƙanta shi ke samu. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar Amurka ya fitar da rahoto a shekarar 2000 wanda ya nuna cewa a manyan filayen jirage 19, yawan masu barin aikin a shekara guda ya kai kashi 126 cikin ɗari na yawan ma'aikatan. Ma'ana, kafin shekara ta zagayo an canza kowa, har an fara canza waɗanda suka canje su. A wasu filayen, mai soya dankali a shagon abinci ya fi mai duba na'urar bincike albashi.

Sai ranar 11 ga Satumba 2001 ta zo: mutum 19, jirage huɗu, rayuka kusan 3,000. Ku riƙe wani abu a nan, domin ana yawan mantawa da shi. Ka'idar wancan lokaci ta yarda fasinja ya hau jirgi da ƙaramar wuƙa wadda tsawon bakinta bai kai inci huɗu ba. Duk da haka fushin jama'a a kan masu gadin nan ya sauka. Ranar 19 ga Nuwamba 2001 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta kafa TSA, cikin shekara guda gwamnatin tarayya ta ɗebi dubban ma'aikata ta karɓe aikin. A 2003 aka mayar da hukumar ƙarƙashin sabuwar ma'aikatar tsaron cikin gida. Kayan da aka fara ba su farar riga ce, da tambarin hukuma na zare da aka ɗinka a jiki. Babu wanda zai gan su ya ce 'yan sanda ne.

Canjin ya zo a mataki biyu, duka a zamanin Kip Hawley, wanda ya shugabanci hukumar daga 2005 zuwa 2009. Da farko aka canza musu suna, daga masu tantance fasinja suka koma jami'an tsaron sufuri, da irin laƙabin da ake kiran ɗan sanda da shi a titin Amurka. Sannan a 2008 aka cire farar riga aka kawo shuɗiya, aka cire tambarin zare aka kawo bajon ƙarfe. An fara a filin jirgin Baltimore, kuma ranar da aka zaɓa don kowa ya fito da sabon kaki a faɗin ƙasar ita ce 11 ga Satumba 2008. Ba haka kawai aka zaɓi wannan rana ba.

Hujjar hukumar ba ta banza ba ce, kuma adalci ne in faɗe ta yadda masu ita suka gan ta. Ma'aikacin nan yana tsaye tun asuba, yana maimaita magana ɗaya ga dubban mutanen da suka makara, suka gaji, suka ƙosa. Ana zaginsa, wani lokaci a kai masa hannu. Shugabanninsa suka ce idan ya yi shigar hukuma sosai fasinja zai girmama shi, layi zai natsu, shi kansa zai ji aikinsa yana da daraja ya daina neman hanyar gudu. Suka ƙara da cewa a wurin da kowa ya natsu ne ake saurin gane wanda ke ɓoye wani abu.

Kuma masana halayyar ɗan'adam suna bayansu a wani ɓangare. A 1974 wani masani mai suna Leonard Bickman ya buga sakamakon gwajin da ya yi a titunan Brooklyn. Ya sa mataimakansa su tare masu wucewa su ba su umarni: ɗauki waccan takarda daga ƙasa, ba wancan mutum ɗan canji ya biya kuɗin ajiye mota, matsa daga inda kake tsaye. Wani lokaci mai ba da umarnin yana cikin kayan gida, wani lokaci cikin kayan mai raba madara, wani lokaci cikin kayan mai gadi masu kama da na ɗan sanda. Mutane suka fi yi wa mai kayan gadi biyayya nesa ba kusa ba, alhali mai gadi ba shi da hurumin sa kowa tsintar shara a titi. Kaki yana aiki, wannan babu musu. Abin da gwajin ya tona, wanda ya kamata ya hana mu barci, shi ne yana aiki ko da mai shi ba shi da ikon abin da yake umarta.

A nan nake rabuwa da hukumar. A ƙasar da ake bin doka, kaki sanarwa ce daga gwamnati zuwa ga talaka. Tana gaya maka wanda ke gabanka, abin da zai iya yi maka, da abin da ya zama dole ka yi masa. Lokacin da Robert Peel ya kafa 'yan sandan Landan a 1829, da gangan aka ba su shuɗin kaya, domin sojan Ingila ja yake sawa, kuma ana so mutumin gari ya gane da kallo ɗaya cewa wannan ba soja ba ne, ba yaƙi ya zo yi da shi ba. An zaɓi launin ne don a raba iko da iko. Abin da TSA ta yi a 2008 kishiyar wannan ne. Ta zaɓi launi da bajo don a gauraya, don fasinja ya ba mai bincike irin biyayyar da doka ta tanada wa ɗan sanda, ba tare da an ba mai binciken horon ɗan sanda ko an ɗora masa irin hisabin da ke kan ɗan sanda ba. Sabon ɗan sanda a Amurka yakan yi kimanin awa 800 a makarantar horo kafin a sake shi titi, watanni ke nan, yana koyon dokar kamu da iyakar amfani da ƙarfi da haƙƙin wanda ake tuhuma. Horon aji na mai binciken fasinja makonni ne kaɗan, kuma kan na'ura da ka'idojin bincike ya fi karkata. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan irin wannan: kama da wane ba ta wane.

'Yan sandan filayen jirage sun yi ƙorafi tun a 2008. Wasu za su ce kishi ne, kuma ba na musun akwai kishi a ciki, kowace sana'a tana tsare martabarta. Amma damuwarsu ta aiki ce. Idan rikici ya tashi, matafiyi zai ruga wurin mai bajo yana neman ceto, ya tarar da mutumin da babu komai a ƙugunsa. A Disambar 2011 'yar majalisar wakilai daga jihar Tennessee, Marsha Blackburn, ta gabatar da ƙudurin da zai hana duk ma'aikacin TSA da bai yi horon jami'in tilasta bin doka ba sa bajon ƙarfe, ko kaya masu kama da na ɗan sanda, ko amsa wancan laƙabi. Ƙudurin bai zama doka ba.

Akwai inda wannan tarihi ya taɓo mu kai tsaye. Ranar 25 ga Disamba 2009 wani matashi ɗan Najeriya, Umar Faruk Abdulmutallab, ya yi yunƙurin tayar da bam da ya ɓoye a kamfansa cikin jirgin da ya taso daga Amsterdam zuwa Detroit. Bai bi ta hannun TSA ba, tun da daga Legas da Amsterdam ya hau. Mahaifinsa ya riga ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya kai rahoton ɗansa, labarin ya maƙale tsakanin ofisoshi. Fasinjoji da ma'aikatan jirgi ne suka danne shi. Amma abin da ya biyo baya a kan mai shuɗiyar riga ya faɗa: a 2010 aka baza na'urorin da ke leƙa jikin mutum ta cikin tufafi, aka kuma tsananta laluben hannu har zuwa wuraren da mutum ba ya yarda baƙo ya taɓa. Daga wannan lokaci batun bajo ya ƙara nauyi. Ka'idar hukumar da kanta ta ba fasinja zaɓi. Kana iya ƙin shiga na'ura a lalube ka da hannu. Kana iya neman a kai ka keɓaɓɓen ɗaki, ka tafi da wanda zai zama maka shaida. Mace mai hijabi tana iya cewa mace 'yar'uwarta ce za ta duba ta, kuma a ɓoye. Kana iya cewa a kira maka shugaban sashe. Amma wa ke yi wa ɗan sanda ciniki? Baƙon da ya ɗauka yana gaban mai ikon ɗaure shi, ga biza a hannu yana tsoron a soke, ba ya buɗe baki ya nemi ko ɗaya daga cikin waɗannan. Haƙƙin yana nan a rubuce, bajon ya sa ba a tambayarsa.

Yanzu ku saurari abin da ya faru a kotu, domin a ganina nan ne asirin ya tonu. A 2006 wata matafiya ta yi sa-in-sa da masu bincike a filin jirgin Philadelphia a kan yadda suka birkice mata kaya. Suka kira 'yan sanda suka ce ta buge su, aka kama ta, ta shafe sa'o'i a tsare, aka gurfanar da ita. Kotu ta wanke ta a 2008. Sai ta kai gwamnati ƙara. Dokar Amurka ba ta barin a nemi diyya daga gwamnatin tarayya a kan tsarewa ba bisa ƙa'ida ba ko ƙagen tuhuma, sai idan wanda ya aikata jami'in bincike ne ko na tilasta bin doka. Me lauyoyin gwamnati suka ce? Suka ce ai waɗannan ba irin wannan jami'ai ba ne, ma'aikata ne kawai masu duba jaka. Gwamnatin da ta ɗinka musu shuɗiyar riga, ta ƙera musu bajo, ta raɗa musu laƙabin, ita ce ta tsaya gaban alƙali ta ce kada a ɗauke su da wannan matsayi. A 2018 alƙalai biyu cikin uku na kotun ɗaukaka ƙara suka yarda da gwamnati. A 2019 cikakken zaman kotun ya sake sauraro, alƙalai tara suka rinjayi huɗu, aka rushe wancan hukunci. Cikin abubuwan da masu rinjaye suka lura da su har da laƙabin da bajon. Daga baya wasu kotunan ɗaukaka ƙara sun bi sahu. Hukuncin bai ba masu bincike ikon kamu ba, ya dai ce wanda doka ta ba ikon laluben jikin mutane, gwamnati za ta amsa laifinsa. Shekara 13 matar nan ta yi tana wannan fafutuka kafin a ce mata tana da damar a saurari ƙararta kawai.

Kada wani ya fita daga nan yana zaton ma'aikacin nake zargi. Shi ma an cuce shi, wataƙila fiye da fasinja. Ranar 1 ga Nuwamba 2013 wani mutum ya shiga filin jirgin Los Angeles da bindiga, a jakarsa da takardar da ya rubuta ƙiyayyarsa ga TSA. Yana tafe yana neman masu wannan kaki. Ya kashe Gerardo Hernandez, magidanci mai shekara 39, ma'aikacin hukumar na farko da aka kashe a bakin aiki, ya kuma raunata wasu. Rigar ta nuna shi ga maƙiyi a matsayin fuskar gwamnati, babu kuma abin da zai kare kansa da shi. Ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan ta nemi a kafa wani rukuni mai ɗauke da makami daga cikinsu, hukumar ba ta amince ba. Ina ganin ta yi daidai da ta ƙi, domin cika wurin bincike da bindigogi a hannun masu horon makonni wata masifar ce. Amma ƙin da ta yi ya tabbatar da cewa ita kanta ta san ba 'yan sanda ta ɗauka aiki ba.

Ga kuma albashi. Shekara fiye da ashirin waɗannan mutane suna cikin mafi ƙarancin albashi a ma'aikatan tarayya, sai a Yulin 2023 aka daidaita su da sauran. Lokacin da rikicin kasafin kuɗi ya rufe gwamnati na kwana 35, daga Disambar 2018 zuwa Janairun 2019, an tilasta musu zuwa aiki ba biya, har jama'a suna kai musu abinci sadaka a filayen jirage. Bajo ya fi ƙarin albashi araha, shi ya sa ya riga shi zuwa da shekara 15.

Ko kakin ya ƙara tsaro? A 2015, shekara bakwai bayan an raba bajo, masu binciken sirri na ma'aikatar tsaron cikin gida suka yi shigar fasinja suka gwada wucewa da makamai da bama-baman bogi. Rahoton da ya fita ya ce sun yi nasara sau 67 cikin 70, kuma nan take aka kawar da muƙaddashin shugaban hukumar daga kujerarsa. Masanin tsaro Bruce Schneier ya daɗe yana kiran irin waɗannan matakai wasan kwaikwayon tsaro, abin da ke kwantar wa mai kallo hankali ba tare da ya rage haɗari ba. Ba zan kai inda ya kai a kan komai ba, bindigogi 6,737 ɗin nan ba a wasan kwaikwayo aka tsince su ba. Amma na'ura ce ta nuna su, idon da aka horar ne ya gane su, bajo bai taka rawa ba. A filin jirgin San Francisco har yau ma'aikatan kamfani ne ke binciken a ƙarƙashin ka'idojin TSA. A Kanada hukumar da aka kafa a 2002 kamfanoni take ba kwangilar aikin. Jiragensu suna tashi suna sauka.

Kafin in zauna, kalma biyu a kan gida. Wanda ya bi ta filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Abuja ya san yawan kakin da ke jiransa tsakanin ƙofa da bakin jirgi: jami'an tsaron hukumar filayen jirage, na shige da fice, kwastan, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, 'yan sanda. Kowannensu yana da iyakar da doka ta shata masa, amma maniyyacin da ya taso daga ƙauye karon farko duk ɗaya yake ganinsu, duk wanda ya ce buɗe sai ya buɗe, duk wanda ya ce kawo sai ya miƙa. A wajen filin jirgi ma kowace sabuwar hukuma da jiha ta kafa, abin da ta fara nema shi ne kaki da hula da igiya a kafaɗa, tun kafin a gama rubuta abin da aka yarda ta yi. Idan Amurka mai kotunan da talaka zai iya jan gwamnati shekara 13 ta faɗa wannan rami, mu ya fi kamata mu yi hattara.

Roƙona ga 'yan majalisa da lauyoyi da 'yan jarida da ke wannan zaure shi ne, duk ranar da wata hukuma ta zo neman sabon kaki ko bajo ga ma'aikatanta, ku tambaye ta abu uku kafin a ba tela awo: wane iko doka ta ba mai sa shi, awa nawa aka horar da shi a kan wannan iko, kuma idan ya zarce iyaka wa za a kai ƙara. Sannan a rubuta amsar da Hausa a allo, a kafa a inda fasinja ke jiran layi.